Motar da Ta Riga Kwalta Zuwa

A watan Yuli na 1903 sojojin Ingila suka ci Burmi, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Jama'ar da ta tsira ta tattara abin da ya rage mata ta fuskanci gabas, kaɗan a kan jakuna, mafi yawa a ƙasa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja wani babban ɓangare nasu har bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake yau kudu da Sinnar. A cikin watan nan dai, can Amurka, wasu mutum biyu, Whitman da Hammond, suka tashi daga San Francisco cikin wata 'yar mota mai kujera ɗaya da silinda ɗaya tak, ba su isa New York ba sai bayan wata biyu da ɗoriya. Wata guda kafin wannan aka kafa kamfanin Ford a Detroit. A lokacin babu abin da ya haɗa tafiye-tafiyen nan biyu, amma kafin jikokin mutanen Burmi su yi furfura, hanyar da kakanninsu suka share shekaru suna takawa ta koma hanyar mota. Hujjar da nake son kafawa ita ce, abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne irin ƙirar da aka yi wa waɗannan ƙananan motoci na Amurka: an ƙera su ne domin ƙasar da ba ta da hanya kuma ba ta da gareji, kuma irin wannan ƙasar ce tamu daga Kano har Abu Na'ama a Sudan.

Mutanen yau da suka san Amurka da manyan tituna za su yi mamakin jin yadda take a farkon ƙarni na 20. Ƙidayar hanyoyin da gwamnatinsu ta yi a 1904 ta samu mil miliyan biyu da 'yan kai a karkara, kuma wajen kashi 7 cikin 100 ne kawai aka zuba wa tsakuwa ko wani abu mai tauri. Sauran duk turɓaya ce da rani, taɓo da damina. A Faransa da Jamus da Ingila kuwa akwai tsofaffin hanyoyin dutse tsakanin birane, saboda haka masu ƙera mota a can suka yi ta yin manya, masu nauyi, masu tsada, domin attajirin da zai ɗauki direba ya biya shi albashi ya kula da ita. Ba'amurken da ke son ya sayar wa likitan ƙauye ko manomi mota dole ya yi tunani daban. Mai sayen nan shi ne direba, shi ne bakanike, kuma in ta maƙale a laka shi da maƙwabcinsa ne za su tura.

Wanda ya fara amsa wannan bukata da yawan da za a kira kasuwanci shi ne Ransom Olds, ɗan wani mai ƙera injuna a Lansing. Motarsa ta 1901, wadda aka sani da Curved Dash Oldsmobile saboda lanƙwasar allon gabanta, ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau. Nauyin na farkon bai kai kilo 400 ba. Injin yana kwance ƙarƙashin kujera, silinda ɗaya, ƙarfinsa bai wuce na doki biyar ba, yana juyawa sannu a hankali, abin da ya sa ba ya saurin cinye kansa. Ba ta da sitiyari mai zagaye, sanda ce direba ke riƙewa yana karkatarwa dama ko hagu. Giya biyu ce ta gaba, ɗaya ta baya, kuma sarƙa ce ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. Ƙarfen da ake murɗawa a tayar da ita yana gefen kujera, mutum na zaune zai iya kai hannu. Amma dabarar da ta fi burge ni ita ce ta sifirin. Maimakon a yi gangar jiki mai tauri sannan a rataya mata gajerun sifirin guda huɗu, sai aka miƙa dogaye guda biyu, ɗaya a kowane gefe, tun daga ƙarfen tayoyin gaba har na baya, aka ɗora akwatin motar a tsakiyarsu. Abu ɗaya ya yi aiki biyu: shi ne ƙashin motar, shi ne kuma mai shanye gargada. Ba ta wuce gudun kilomita 32 a awa, kuma ana sayar da ita dala 650. A ƙarshen 1901 wani saurayi ma'aikacin kamfanin, Roy Chapin, ya tuƙa ta daga Detroit zuwa New York cikin mako guda da 'yan awoyi, a wasu wurare yana bin turbar alfadarai da ke gefen magudanar Erie domin ta fi hanyar gari kyau.

A watan Maris na 1901 gobara ta cinye masana'antar Olds a Detroit. Wannan ya ƙara tura shi ga raba aikin ga wasu maƙera na waje: 'yan'uwan nan biyu masu suna Dodge da kuma Henry Leland suka riƙa yi masa inji da giya. Daga motoci 425 a shekarar farko ya kai wajen 2,500 a 1902, ya kai wajen 4,000 a 1903. Da zarar sassan mota ɗaya suna fitowa daga maƙera daban-daban, tilas kowane ya zo daidai da awo, ba tare da an zauna ana goge shi da hannu kafin ya shiga mazauninsa ba. Leland ya yi fice a wannan. A 1908, bayan ya koma shugabancin Cadillac, aka kai motocinsa uku masu silinda ɗaya filin Brooklands a Ingila, aka wargaza su gaba ɗaya, aka cakuɗa sassan, aka sake haɗa motoci uku daga tulin, sannan kowace ta yi mil 500. Ga mutumin Landan wannan abin kallo ne. Ga wanda motarsa za ta mutu a dajin da ke tsakanin Fashir da Nuhud kuwa, a nan rayuwarsa take, domin ma'anarsa ita ce fistin ɗin da aka cire daga wata matacciyar mota zai shiga tasa ya yi aiki.

Henry Ford ya ɗauki wannan tunani ya kai shi ƙarshe. Ya fara da Model N a 1906, 'yar mai kujerar mutum biyu amma da silinda huɗu, a kan dala 500. A watan Oktoba na 1908 Model T ta fito daga masana'antar Piquette, aikin Ford da injiniyoyinsa irin su Harold Wills da Joseph Galamb. An yi amfani da ƙarfe mai haɗin banadiyam a sassan da suka fi shan wahala, wanda ya ba da damar a sirance su ba tare da sun karye ba, har nauyinta ya tsaya wajen kilo 540 alhali injinta na da ƙarfin doki 20. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa wajen santimita 25. An ɗaura injin a wuri uku maimakon huɗu, haka ma ƙarfen tayoyin gaba da na baya, kowane da sifirin guda ɗaya kwance a gicciye. Duk wadda ta taɓa girki a murhu ta san dalili: tukunya na zama daram a kan duwatsu uku komai rashin daidaiton ƙasa. Idan taya ɗaya ta faɗa rami wata ta hau tudu, motar sai ta murɗe ta bi ƙasar, injin bai tsage ba, ƙashin bai karye ba.

Sai kuma abubuwan da aka ƙi sa mata, waɗanda a ganina sun kai waɗanda aka sa muhimmanci. Ba ta da famfon fetur: tankin yana ƙarƙashin kujera, man na gangarowa da kansa. Bayan 'yan dubban farko an cire famfon ruwa, ruwan zafi na hawa lagireto da kansa, mai sanyi na saukowa. Ba ta da famfon baƙin mai, juyawar injin ce ke watsa shi. Ba ta dogara da batir ba, domin an jera maganaɗisu a jikin faifan injin, yana juyawa yana haifar da wutar da fulogi ke bukata. Kan silinda kuwa murfi ne da ake kwancewa da sifana a kankare baƙin da ya taru, a lokacin da injuna da yawa sai an sauke su gaba ɗaya. Giyarta da ƙafa ake sarrafawa, feda uku, kuma abin da ke kama ta ɗamara ce da aka shimfiɗa wa saƙar auduga, in ta cinye a sake wata. Da aka fara jan motoci a kan layi ana haɗa su a Highland Park a 1913, lokacin haɗa ƙashin mota ɗaya ya sauko daga awa 12 da rabi zuwa wajen awa ɗaya da rabi. Mai kujerar mutum biyu da aka sayar dala 825 a 1909 ta dawo dala 260 a 1925. Kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15, akwai kuma ƙanwarta mai ɗaukar tan ɗaya, Model TT, da ta fito a 1917.

Wanda ya san ƙasar Abu Na'ama da Sinja da duk shimfiɗar da ke tsakanin kogunan Nilu biyu ba ya bukatar dogon bayani kan amfanin waɗannan abubuwa. Baƙar laka ce mai zurfi, babu dutsen da za a fasa a yi hanya sai an yi nisa. Da rani tana tsagewa har ƙafar akuya ta shige. Ruwan farko na sauka sai ta kumbura ta rufe, ta zama danƙo, ta riƙa naɗewa a jikin taya har tayar ta cika mazauninta ta tsaya cik. In rana ta dawo, sawun da keken shanu ko mota ta bari ya bushe ya zama kwari biyu masu tauri da doro a tsakiya, wanda zai fasa cikin duk motar da ta yi ƙasa-ƙasa. Babbar mota mai tayar roba daskararriya, irin da Turawa suka fara kawowa Afirka, tana nutsewa a nan har ƙirji, kuma a Gwalkwas da kudancin Nijeriya ma irinta ta riƙa farfasa hanyoyin jar ƙasa har hukuma ta shiga ƙayyade nauyi. Mai kilo 540 kuwa, in ta kafe, maza huɗu ko biyar za su ɗaga bayanta a cusa kara da ƙirare a wuce. Shi ya sa daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko motocin Amurka suka mamaye ƙasashen da Ingila ke mulka, ga shi kuwa Ingila na da nata masana'antun. Ita da kanta ta taimaka: daga 1921 harajin mota a can ya koma fam ɗaya kan kowane ƙarfin doki bisa lissafin faɗin silinda, sai maƙeranta suka koma yin ƙananan injuna masu dacewa da haraji da titin Landan, marasa numfashi a yashi. Ko sojojinta, da suka tashi sintiri a saharar yammacin Masar a 1916, Model T suka hau, kuma da magajiyarta Model A ne Ralph Bagnold ya ratsa hamada daga Alƙahira har Fashir a 1932.

Mai musu na farko zai ce jirgin ƙasa ne ya buɗe ƙasashen nan, mota 'yar rakiya ce. Yana da gaskiya ta wani fanni. Gyaɗar Kano ba ta zama dala ba sai da dogo ya iso a 1911, audugar Jazira kuma bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 a jirgi ta riƙa tafiya Bur Sudan. Amma a duba taswira. Dogon Sudan ya kai Ubayyid a 1912 ya tsaya, bai kai Niyala ba sai 1959. Na Nijeriya ya kai Nguru a 1930, bai shiga Maiduguri ba sai 1964. Chadi kuwa har yau ba ta da ko taku ɗaya na dogo. Tsakanin Kano da Ubayyid akwai fiye da kilomita 2,000, kuma wannan gibin shi ne ainihin hanyar Hausawa zuwa gabas. An shimfiɗa dogo ne domin ya kai amfanin gona bakin teku, kowane zuwa tashar mai mulkinsa. Ba a taɓa nufin ya haɗa Kano da Nilu ba. Abin da ya haɗa su, bayan ƙafa da jaki da raƙumi, mota ce. Katsina ma misali ce a kusa: dogo ya kauce wa birnin, kuma Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin sarakunan Arewa na farko da suka rungumi mota da hanyoyinta.

Na biyu zai ce araha ce kawai ta sayar da ita, ba wata gwanintar ƙira, kuma zai lissafo aibobinta. Aibobin gaskiya ne. In inji ya yi tutsu lokacin tayarwa, ƙarfen murɗawa na iya karya wa mutum hannu. Birkinta rauni gare shi. In tudu ya yi tsayi kuma mai ya yi ƙasa a tanki, fetur ba ya isa inji, sai direba ya juya ya hau da baya. Da damina ta kankama kuma, babu ƙirar da ke cin baƙar laka, hanya rufewa take yi sai kaka. Sai dai raba araha da ƙira kuskure ne, domin arahar daga ƙirar ta fito. Rage nauyi ya rage kuɗin ƙarfe, ya kuma hana nutsewa. Cire famfo ya rage farashi, ya kuma rage abin da zai lalace inda babu mai sayar da shi. Kwatanci mai kyau shi ne ayarin Citroën na 1924 zuwa 1925, motoci takwas masu sarƙa a baya maimakon taya, da suka keto Sahara suka bi ta Damagaram zuwa Tafkin Chadi. Gwanintar ƙira ce ta gaske, amma sai da aka riga aka jibge musu mai da kayan gyara a zango-zango. Sun wuce, an yi kallo, ba su bar wa kowa sana'a ba. Game da damina kuma, rani shi ne lokacin fatauci da cirani da tsinkar auduga tun kafin mota, don haka watannin da ta samu su ne waɗanda ake bukata.

Musu na uku ya fi nauyi, kuma ba na son a wuce shi da sauri. Motar nan a hannun mai mulki ta fara zuwa. Di'o a Arewa da mufattish a Sudan su ne suka fara hawanta, kuma ta ba su damar zagaya cikin yini ɗaya ƙasar da da sai sun yi mako a kan doki, su ƙirga kawuna, su bi haraji. Hanyoyin da ta bi talakawa ne suka share su, sau da yawa da aikin tilas, hakimi ya umarci dagaci, dagaci ya fito da mutane da fartanya da kwando. Wannan zalunci ne, kuma sauƙin ƙirar motar bai wanke shi ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, na'ura mai sauƙin fahimta ba ta daɗewa a hannun mutum ɗaya. Direban Bature ya koya, yaron mota ya koya daga direba, maƙerin gari ya ga sifirin da ya karye ya gane cewa ƙarfe ne irin wanda ya saba bugawa. Babu Bakano ko mutumin Sinnar da ya taɓa mallakar jirgin ƙasa, na gwamnati ne daga farko har ƙarshe, ita ke yanka kuɗi ita ke sa lokaci. Mota kuwa ɗan kasuwa na iya tara kuɗin gyaɗa ko na riɗi ya saya, ya ɗauki wanda ya ga dama zuwa inda ya ga dama. A 1948 attajiran Kano uku, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka sani da WAPA, wadda sunanta ya zauna a kan wata unguwa a Fagge har yau. Motocinsu da na wasu irinsu suka riƙa bin Maiduguri, Fort Lamy, Abeshe, Janaina, Fashir, zuwa bakin dogo a Ubayyid.

Akwai kuma wanda zai ce ai Hausawan Shuɗin Nilu da Jazira ba mota ce ta kawo su ba. Haka ne, kuma tafiyar ƙasa ce ma ta kafa garuruwan. Mai niyyar Makka da ke tafe da iyali yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu don ya sami guzuri, ya haihu, ya aurar, har zango ya zama gida. Mota ta mayar da tafiyar shekaru ta zama ta makonni, ta haka ta rage masu yada zango na dindindin, kafin jirgin sama ya zo ya ɗauke alhazai daga hanyar kusan gaba ɗaya. Amma ita ce ta hana zumunci yankewa tsakanin waɗanda suka zauna da waɗanda aka bari a gida. A bayanta aka riƙa kawo goro da labarin rasuwa da wasiƙar ajami, a bayanta masu tsinkar auduga suka riƙa zuwa suna komawa, a bayanta dawa da riɗin gonakin kudu da Sinja suka riƙa fita kasuwa. Motocin da suka yi mafi yawan wannan aikin daga baya ba Model T ba ne, ta riga ta tsufa. Bedford ce ta zama sarauniyar hanyoyin Sudan, kuma kamfanin da ya riƙa yin ta a Ingila ya shiga hannun General Motors na Amurka a 1925. An bi da ita kan ƙa'idar nan ta farko: inji mai sauƙi, ciki a ɗage, sassa masu shiga juna. Maƙeran Sudan suka riƙa kwance ta har ƙashi, su ƙara mata ƙarfe da ganyen sifirin, su sake gina ta ta ɗauki fiye da abin da masu ita suka rubuta, suka kira ta sifinja. Ba za a iya yi wa mota haka ba sai in tun asali an yi ta yadda mai guduma da sifana zai gane ta.

Sunayen Olds da Leland da Ford suna cikin littattafai, har ranar da gobara ta tashi a masana'anta an rubuta. Direbobi da yaran mota da makanikan da suka riƙe hanyar gabas da waɗannan injuna kuwa, a bakin tsofaffi kawai labarinsu yake, kuma tsofaffin suna ƙarewa. Ina roƙon malaman makaranta da ɗalibai a Abu Na'ama da Mai Wurno da Wad Madani, da takwarorinsu a Fagge da Maiduguri, su zauna da waɗanda suka hau motocin nan tun suna yara, su tambaye su wa ya tuƙa, ina aka kwana, nawa aka biya, me ya karye kuma da me aka ɗaure shi, su rubuta da Hausa.